Zaɓen Sarkin Tukunya a Satwa

Shekarar da naira ta faɗi har 'yan kasuwarmu suka rage zuwa Dubai, ita ce kuma shekarar da Amurkawa suka zaɓi attajirin nan mai gashi kamar gemun masara, suka bar matar tsohon shugabansu. 2016 ke nan. Ba na manta ta, domin a cikinta na fara koyon karatun boko ina da shekara arba'in da 'yan kai, kuma a cikinta ne aka taɓa yin kamfen a kaina.

A lokacin ina aikin ɗaurin kaya a wani sito a Ras Al Khor da ke Dubai. 'Yan kasuwa su sayo kayan gyaran mota, mu jera a kwali, mu naɗe da leda, mu loda a kwantena. Ban iya karanta sunan da ke jikin kwali ba, alama nake yi wa kowa: wannan mai zobe biyu, wancan mai ƙafar kaza. Wanda ya samo mini aikin shi ne Alhaji, ɗan unguwarmu a Kano, shi ne kuma mai kula da siton. Mutum ne mai murya, mai buɗaɗɗen hannu, wanda bai saba a ce masa a'a ba.

Mu goma sha biyar muke zaune a wani fulat a unguwar Satwa, ɗaki uku. Babban ɗaki na Kanawa ne, su takwas har da Alhaji. Na tsakiya na mutanen Nijar, su huɗu. Ƙaramin da ke jikin kicin namu ne mu uku: ni, da wani tela ɗan Bauci, da wani Bahaushen Kumasi mai gadi a otal. Ni ma Bakano ne, minsharina ne ya sa aka yi shawara aka mayar da ni can. Su biyun suna kan gado mai bene, ni ina katifa a ƙasa.

Juma'a ce ranar hutu a wancan lokacin. Sauran ranaku kowa ya ci abin da ya samu, amma Juma'a tukunya ɗaya muke ɗorawa. Mu dawo daga masallaci, a shimfiɗa leda a falo, a zauna. Wanda ke yanke abin da za a dafa shi muke kira Sarkin Tukunya, kuma kowane ƙarshen shekara ake ɗaga hannu a zaɓe shi. Ba sai na faɗi wanda ke ci ba. Kanawa su ɗaga, tela ya ɗaga, ni ma in ɗaga, Alhaji ya gyara hula ya ce ya gode. Shi kuwa Alhaji abinci ɗaya ya sani a duniya: tuwon shinkafa miyar kuka. Mutanen Nijar sun roƙi dambu da zogale har sun gaji. Ɗan Kumasi ya yi ta ba mu labarin wake da shinkafa irin nasu mai ja, har muka haddace yadda ake dafa shi, ba mu taɓa ganin sa ba.

Cikin mutanen Nijar akwai wanda muke kira Mushe. Haka suke kiran malamin makaranta a can. Da farko Kanawa sun yi ta dariya, daga baya baki ya saba. Ya koyar a firamare a Damagaram kafin ya zo, yanzu yana wani shagon yadi a Bur Dubai, yana yi wa masu Faransanci tafinta. Shi ne malamina. Duk Juma'a bayan la'asar mu zauna a gefen falo, ni da fensir, shi da haƙuri, har a kira magariba.

Abin da ya kai ni karatu da furfura, 'yata ce. Saƙo take turo mini a waya, ni kuma sai in miƙa wa tela ya karanta. Tela ba ya karantawa kawai, sai ya maƙale murya: "Baba, ka ci abinci? Baba, kana shan maganinka?" Ɗan Kumasi ya yi ta dariya daga saman gado. Ba mugunta ba ce, amma maganar 'yarka a bakin ƙato mai gemu ba ta da daɗin ji.

Na gama baƙaƙe da wasula, na fara haɗa su ke nan, sai wata Juma'a Mushe ya ce mini sun sami ɗaki a Bur Dubai, su huɗun za su tashi idan shekara ta ƙare.

"Saboda tuwo, Mushe?"

"Ba tuwon ba ne, Kawu. Tuwon ma yana da daɗi. Ɗaga hannun ne. Shekara da shekaru muna ɗagawa kamar masu korar ƙuda. Kafin a fara mun san yadda za a gama. Mutum yana so ya ji cewa yana cikin gida."

Bur Dubai ba nisa ba ce. Amma na san garin nan. Wanda ya tashi daga gida ya tashi, sai dai ku haɗu a masallacin Idi ku yi ta rantsuwar za ku ziyarci juna. Na duba abin da na rubuta ranar, ba, be, bi, bo, bu, na ga nan karatuna zai tsaya.

Cikin wannan hali aka yi zaɓen Amurka. Duk gidan matar muke so, ban da Alhaji. Shi cewa yake ba ruwansa da bakin mutumin, ɗan kasuwa ne, ɗan kasuwa kuma ba ya shiga abin da zai faɗi. Ranar Laraba kafin azahar, muna tsakiyar loda kwantena, labari ya fito a wayarsa. Alhaji ya yi kabbara, ya aika aka sayo wa kowa shayin karak mai madara, har da Bapakistane mai tuƙa injin ɗaga kaya, wanda ya sha bai san abin da ake murna ba.

Sai kuma aka fara jin wani abu. Wai da aka ci gaba da ƙirga, matar ta fi shi yawan ƙuri'a, kuma ba da kaɗan ba. Juma'ar da ta biyo baya tuwo ya huce a gabanmu saboda musu.

"Maguɗi ne," in ji tela. "Wanda ya fi ƙuri'a ya faɗi? Ko a ƙauyenmu ba a yi wannan ba."

"Sun turo mutanensu Najeriya kwas," in ji Ɗan Kumasi.

"Kai rufe mana baki, ku da kuke cin shinkafa da ganyen dawa," in ji tela.

Mushe ya bari aka gaji, sannan ya jawo farantin dabino. Ya ce ba maguɗi ba ne, haka dokarsu take tun farko. Ya ware dabino tsibi-tsibi a kan leda, wani babba, wani ƙarami.

"Waɗannan jihohi ne. Lokacin da za su haɗu su zama ƙasa, kowace tana jin kanta kamar ƙasa ce. Ƙananan suna tsoron manyan su haɗiye su. Wasu suka ce majalisa ta zaɓi shugaba, wasu suka ce a'a, zai zama yaron majalisa. Wasu suka ce jama'a su zaɓa kai tsaye, aka ce ƙasa da faɗi, ba waya, ba rediyo, mutumin wannan gefe bai san ɗan takarar wancan gefe ba. Sai suka tsaya a tsakiya. Kowace jiha ta zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi shugaba."

"Wakilai nawa?" na tambaya.

"Yauwa, ɗalibi. Gwargwadon kujerunta a majalisa. Mai mutane da yawa tana da kujeru da yawa. Amma kowace jiha, babba ko ƙarama, tana da sanata biyu, ana haɗa mata da su. Ka ga ƙarama ta ɗan ƙara nauyi." Ya ɗora wa kowane tsibi dabino biyu. "Sannan a kusan duk jihohin, wanda ya ci, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi, shi ke kwashe wakilan duka. Matar ta tara mutane maƙil a manyan jihohin da dama nata ne. Shi kuma ya ci jihohi da yawa da ɗan ƙiris-ƙiris. Ta fi shi mutane, ya fi ta wakilai."

Ya ƙara da cewa akwai wani dalili marar daɗi. Jihohin kudu a lokacin suna da bayi da yawa, bayi kuma ba sa zaɓe. Da kai za a ƙirga a akwati, da kudun ta zama ƙarama. Amma wajen rabon kujeru an lissafa musu wani kaso na bayin, sai wannan tsarin ya fi yi musu. Ɗan Kumasi ya ce Allah ya jiƙan bayin, muka ce amin.

Alhaji dai bai ji wannan ɓangaren ba, ko ya ji ya wuce. Ya ɗauki dabino daga babbar jiha ya jefa a baki.

"Kun ji ko? Masu hankali ne suka tsara. Ba taron yuyuyu ba. Kowa da matsayinsa, ƙarami ma a ji da shi. Wallahi da haka ake yi a ko'ina da an zauna lafiya."

"A ko'ina, Alhaji?" in ji Mushe.

"A ko'ina!"

"Har a Satwa?"

Na ga ɗaya daga cikin mutanen Nijar ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Mushe ya share jihohin, ya yi tsibi uku. Ya ce ga ɗakuna uku. Kowane ɗaki a ba shi ƙuri'a biyu ta ƙofa, kamar sanatoci, sannan ƙuri'a ɗaya kan kowane gado mai bene. Babban ɗaki gado huɗu, ya tashi da shida. Na tsakiya gado biyu, ya tashi da huɗu. Namu gado ɗaya, ya tashi da uku. Katifata ba ta shiga lissafi ba. Wanda ya ci ɗaki ya kwashe ƙuri'unsa. Ya ce idan Alhaji ya yarda, shi zai tsaya takarar Sarkin Tukunya, kuma a yi a takarda, ba ɗaga hannu ba.

Alhaji ɗan kasuwa ne, sai da ya yi lissafi. Na ga idonsa yana yawo. Babban ɗaki nasa ne. Na tsakiya ba nasa ba ne. Ya dubi Ɗan Kumasi ya kawar da kai. Ya dubi tela, tela ya ɗaga masa gira. Sannan ya dube ni, ɗan unguwarsu, wanda ya samo wa biza. Ya yi murmushi.

"Khalas. An gama. A yi irin na Amurka."

Sai da na shiga wanke hannu a kicin na gane abin da ya faru. Tela na Alhaji ne. Ɗan Kumasi na Mushe ne. Duk inda na faɗa, nan ɗakinmu ya faɗa, kuma duk inda ɗakinmu ya faɗa, nan gidan ya faɗa. Ni da ba a taɓa tambaya ta ko gishiri ya ji ba.

Alhaji ya ce ya yarda da ni, amma bai bar abin ga yarda kawai ba. Washegari da za mu tafi sito, na nufi bayan mota inda na saba zama da sauran, sai na ji, "Ina za ka, ɗan gida? Dawo gaba, rana ba ta yi maka kyau." Na zauna cikin sanyin esi har Ras Al Khor, yana ba ni labarin mahaifina, Allah ya jiƙansa, yadda yake son miyar kuka. Ni dai na san mahaifina miyar kuɓewa yake so, amma na yi ta gyaɗa kai. Wani ɗan kasuwa ya kawo masa kilishi daga gida, ya ba ni rabi a gaban kowa.

Mutanen Nijar su ma ba su zauna ba. Na ajiye kwano, kafin in juya an wanke. Suka ba ni cuku, suka ce na Agadas ne, ba kowa ake ba ba. Wani cikinsu ya ce ai minsharin nan nawa ba minshari ba ne, alamar lafiyar ƙirji ce. A ɗakinmu kuwa tela ya gyara mini wuyan riga biyu kyauta, ya koma karanta saƙon 'yata da muryarsa ta Allah, har da "in ji ta" cikin ladabi. Ɗan Kumasi ya ce in hau gadonsa shi ya sauko katifa. Na ce gwiwata ba ta son bene.

Wani Bakano daga babban ɗaki ya tare ni a bakin banɗaki, ransa a ɓace.

"Kawu, mu ba mutane ba ne? Mu takwas, ko goro Alhaji bai ba mu ba. Da can kafin zaɓe yana sayo mana lemo."

Na gaya wa Mushe. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce haka ake kuka a Amurka ma. Jihar da aka san inda za ta faɗa, ba mai zuwa gaishe ta. Wadda ke lilo ita ke shan gata.

Shi kansa Mushe bai taɓa ce mini in zaɓe shi ba. Ranar karatu na ce masa tunda a takarda za a yi, ya koya mini rubuta sunayen biyu. Ya ce to. Ya ce na Alhaji ya fi wuya, baƙaƙe biyu ne suka haɗu a tsakiya, da shi za mu fara. Muka ɓata kusan duk yammacin a kan Alhaji, ya gyara mini nan, ya gyara can, har ya fita tsaf. Nasa kuwa sau biyu kawai ya nuna mini aka kira salla.

Na yi ta juya abin a raina ina ɗaure kwali. Alhaji bai taɓa cuta ta ba. Shi ya tsaya mini na zo ƙasar nan. A unguwarmu idan aka ji na juya masa baya, ko a kan tuwo ne, sai an yi magana. Amma na auna. Idan Alhaji ya faɗi, me ya rasa? Cokali. Idan Mushe ya faɗi, mutum huɗu za su naɗe katifunsu, ni kuma in koma miƙa wa tela waya har tsufana. Na kuma kwantar wa kaina da hankali cewa ai a takarda ne, a ninke, babu mai sanin na wane ne. Wannan tunanin, yanzu idan na tuna shi, dariya nake yi. Ɗaki mai mutum uku, biyu an san su.

Ranar zaɓe aka dawo daga Juma'a, aka ce ba ci sai an gama. Babban ɗaki suka zuba takardunsu a tukunya, na tsakiya a butar shayi, mu a kwanon sha. Aka kira mai shagon ƙasa, wani Ba'indiye da ya saba da haukarmu, ya zama alƙalin zaɓe. Na shiga kicin ni kaɗai, na ɗora takarda a kan firji, na yi bisimilla. Na riƙe fensir da kyau. Ban taɓa rubuta abin da wani zai yi aiki da shi ba.

Ba'indiye ya fara da tukunya. "Al-haji. Al-haji. Al-haji." Har takwas. Kanawa suna amsawa da "Sai ka yi!" Ya juye buta, Mushe huɗu. Ya jawo kwanon sha.

"Al-haji."

Tela ya miƙe ya rusuna wa jama'a.

"Mu-she."

Ɗan Kumasi ya ce wani abu da yaren Asante.

Ba'indiye ya buɗe ta ƙarshe. Bai karanta ba tukuna. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya karkata kai, sannan ya juyo da ita kowa ya gani, wai ko za a taimaka masa. Baƙaƙena ne, manya-manya, sun fara daga ƙasan takarda suna hawa sama kamar awaki a kan tudu, na ƙarshen ya kusa faɗowa waje. Duk gidan babu wanda bai san wannan rubutu ba, sun sha ganin sa a gefen falo.

"Mu-she," in ji shi. "Khalas, zan tafi, shago babu kowa."

Mutanen Nijar suka tashi da ihu. Ɗan Kumasi ya ɗauki murfin tukunya yana kiɗa. Alhaji ya miƙe tsaye, hularsa ta karkace.

"Tsaya! Ku tsaya! A ƙirga mutane! Mu tara ne, su shida! Tara da shida wa ya fi?"

"Haka matar nan ma ta ce," in ji Ɗan Kumasi.

"Wannan ai zalunci ne! Ƙofa tana zaɓe? Gado yana zaɓe?"

Mushe ya gyara zama, ya ce a hankali, "Alhaji, masu hankali ne suka tsara. Ba taron yuyuyu ba."

Har Kanawan sai da suka fashe. Wanda ya tare ni a bakin banɗaki ya fi kowa dariya, yana cewa gobe ma a hana su lemo. Alhaji ya tsaya yana huci, sannan ya miƙa hannu aka ba shi takardata. Ya daɗe yana kallon ta. Ni kuwa ina kallon leda.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Alhaji."

"Da hannunka? Ba wanda ya riƙe maka?"

"Ba kowa."

"Tun muna samari na san ka, ko alif na boko ba ka taɓa ja ba. Ranar da Allah ya buɗe maka, da ni ka fara."

"Naka ma na iya, Alhaji. Ya ma fi wannan kyau."

"Ka ji min mutum! To me ya hana ka rubuta mai kyan?"

Aka sake fashewa. Shi ma na ga gefen bakinsa ya motsa, amma ya danne. Ya ninke takardar ya jefa a aljihu, ya ce a zubo tuwo, tunda na ban kwana ne.

Washegari ban jira an gaya mini ba, na hau bayan mota. Na gaishe shi ya amsa da rabin baki. Juma'ar farko ta mulkin Mushe aka yi dambu da zogale, da ƙuli da mai da albasa, ƙamshi har matattakala. Alhaji ya ce yana da uzuri, ya fita ya ci shawarma. Ta biyu Ɗan Kumasi ya shiga kicin tun safe ya kulle ƙofa, ya fito da shinkafar nan da muka haddace, ga wani baƙin yaji da ya sa tela hawaye. Alhaji ya zauna a gefe ya ce shi ɗanɗanawa kawai zai yi, don ya san irin wahalar da ake ba jama'a. Ya ɗanɗana faranti guda. Ta uku Mushe ya ce tuwo miyar kuka, kuma Alhaji ne zai tsaya a kan miyar, don ba wanda ya kai shi. Daga nan aka raba: Juma'a biyu tuwo, biyu na sauran. Ranar da dambu ya sake zagayowa, Alhaji ne ya ce a miƙo masa mai.

Ba wanda ya sake maganar Bur Dubai. Shekara ta ƙare, katifu huɗu suna inda suke. Muka ci gaba da zama a gefen falo bayan la'asar. Kafin azumi ya zo, wata rana ina bayan mota waya ta yi ƙara, na buɗe, na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da yatsa. "Baba ina kwana. Akuyarka ta haihu biyu." Na karanta ya fi a ƙirga kafin mu isa sito. Ban gaya wa kowa ba sai da yamma.

Ba zan ce na tabbata tsarin nan adalci ne ba. Tara ta fi shida, wannan ko kafin in yi karatu na sani. Da a babban ɗaki nake kwana, da ni ma na ji haushi a ce ƙofa ta fi ni. A Najeriya wata hanya muka bi: sai ka fi kowa ƙuri'a, sannan ka sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Mushe ya ce a Amurkar ma akwai masu son a soke nasu, har yau suna jayayya. Na ƙasa ban sani ba. Na gidanmu dai na ga abin da ya yi.

Alhaji kuma bai kwanta ba. Da shekara ta zagayo, sai ga shi yana kwaɗaita wa Ɗan Kumasi gadon da ke ƙarƙashin esi a babban ɗaki, wai mai gadi yana buƙatar barci mai kyau. Ɗan Kumasi ya kwashi kayansa ya koma, aka turo mana wani Bakano. Ɗakinmu ya koma hannun Alhaji ba tare da an nemi ƙuri'ata ba, ya dawo mulki, amma bai taɓa rabon Juma'o'in ba. Mushe ya ce wannan dabarar ma Amurkawa sun san irinta. Shi ma ya shirya tasa. Daga nan duk ƙarshen shekara sai ka ga katifu da akwatuna suna yawo a falo, ana ciniki a kan gadon kusa da taga. Kafin Amurkawa su sake zaɓe a shekarar korona, babu ɗakin da za ka kira na Kanawa ko na mutanen Nijar, kowa ya cakuɗe da kowa. Wannan karon ni na riƙa karanto wa falo labarin daga wayata, a hankali, Alhaji yana cewa in yi sauri, Mushe yana cewa a bar ɗalibi ya numfasa.

Abin da aka rasa a zaɓenmu na farko, a iya sanina, shi ne wannan. Alhaji ya rasa sarautar shekara ɗaya. Kanawa sun rasa tuwon Juma'a biyu a kowane wata. Murfin tukunya ya lotsa a hannun Ɗan Kumasi, bai sake rufuwa daidai ba. Tela ya rasa karatun saƙonnin 'yata, har yau yana cewa na raba shi da iyali. Ni na rasa kilishi da kujerar gaban mota, ba a kuma sake mayar da ni ba. Cikin mu goma sha biyar, babu wanda ya tashi a wannan shekarar.